Iddar Miza 'Yar Faki

Miza 'yar Faki ba ta cikin matan da ake waiwayowa a kalla in sun wuce. Gajera ce, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta kaushi kamar bayan kwakwa. Tun tana 'yar shekara bakwai take bin gwaggonta Tatu, wadda ake ce wa Bi Tatu don girmamawa, zuwa bakin teku, inda matan ƙauyenmu na arewacin tsibirin Pemba ke binne ɓawon kwakwa cikin laka, su danne shi da duwatsu, su bar shi watanni ya ruɓe, sannan su tono, su daka, su murza igiya a kan cinya. Uwarta ta rasu wajen haihuwar ƙaninta, ubanta kuwa masunci ne, baƙo a gidansa, don haka Bi Tatu ce uwa, ita ce uba. Aikin nan ya bar wa Miza hali guda, wato sanin kwana. Mai binne ɓawo da teku take lissafi. Ta san ranar da ruwa zai janye har can nesa, ta san ranar da zai yi ƙyuya ya tsaya a gindin itatuwa. In ka tambayi Miza yaushe aka yi kaza, ba ta ce maka "kwanakin baya", ranar za ta faɗa maka.

Tana da shekara ashirin da ɗaya ta auri Kombo, kuma ba wanda ya tura ta, ita ta gani ta ce tana so. Kombo dogo ne, masunci, mai dariya da yawa, irin mutanen da in suna waje ba a jin muryar kowa sai tasu. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, wannan a ba shi haƙƙinsa. Ciwonsa baki. Abin da ya zo masa shi zai faɗa, sai daga baya ya tsaya duba abin da ya faɗa ɗin. Sun yi shekara biyar, Allah bai ba su haihuwa ba, kuma rabin shekarun nan ba ya gida, don kowace shekara maza kan tafi dago, wato zaman kamun kifi na watanni a bakin tekun wata ƙasa, su kafa bukkoki su yi wa kansu girki.

Abin da ya kawo sakin bai kai a ba da labarinsa ba. Kwana biyu bayan ƙaramar Sallah Miza ta je gaida ƙaninta a garin Wete, motar ƙarshe ta bar ta, ta kwana can. Da ta dawo da safe ta tarar da Kombo a ƙofar gida yana ɗinkin raga, abokansa sun kewaye shi suna yi masa tsiya, wai angon da ya sha shayi ba burodi. Bai bari ta ajiye ƙunshinta ba. Ya shiga ya yago takarda, ya rubuta saki ɗaya, ya miƙa mata a gabansu don su ga shi ma namiji ne. Kwana biyu bayan haka jirage suka tashi zuwa dago a gaɓar Kenya, da shi a ciki.

Miza ta kwashe tukwanenta ta koma ɗakin Bi Tatu. Ta yi iddarta kamar yadda ake yi, jini uku, ta yi wanka, ta koma bakin aikinta. Da jiragen suka dawo ba Kombo, aka ce ya shiga wani babban jirgi ya yi arewa. Bayan shekara aka ce ya yi aure can. Wasiƙa babu, saƙo babu. Takardar sakin kuwa tana cikin gwangwani a ƙarƙashin gadon Bi Tatu.

Pandu shi ne mai amalanken ƙauyen. Yana da sa guda, wanda ya raɗa wa suna Minista, wai don sai ya ga dama yake aiki. Matarsa ta fari ta rasu ba ɗa, shi kuma mutum ne mai nauyin baki, sai ya yini bai yi maganar da ta cika cokali ba. A lokacin an fara noman ciyawar teku, mata sun bar igiya sun koma kafa turaku cikin ruwa, Pandu ne ke kwaso musu buhunan daga gaɓa zuwa wurin shanya. Wata shida yana ɗaukar na Miza kafin ya buɗe baki.

"Bi Miza," ya ce, idonsa a kan wutsiyar san, "gidana ba mai share shi."

"Ka sayi tsintsiya mana," in ji ta.

"Na saya. Tana nan a jingine."

Shi ke nan zawarcin nasu. Aka kai takardar saki gaban liman, Shehe Hatibu, ya duba ya ga an shekara biyu cur, ya ɗaura aure. Aka dafa shinkafar pilau, gari ya ci. Cikin waɗanda suka ci har suka nemi ƙari akwai wani masunci, Mcha, abokin tafiyar Kombo a dagon nan.

Shekara bakwai Miza ta yi a gidan Pandu, kuma ta ji daɗi, wannan ba sai an ɓoye ba. Ba wani abu ba ne babba. In ya dawo da rana, kafin ya tambayi abincinsa sai ya ce, "Kin ci?" In ta makara a teku, ta tarar ya ɗora ruwa. A shekara ta biyu ta haifi 'ya mace, aka sa mata Riziki, matan da suka gama yi mata tambarin juya suka zo barka ba kunya. Miza ta yi ƙiba kaɗan, har aka fara jin dariyarta daga bayan danga.

Sai ga Kombo ya dawo, shekara tara da tafiyarsa, ya rame, ido ɗaya ya yi fari, jaka guda a hannu. Ba wanda gabansa ya faɗi. Pandu ma ya je ya yi masa sannu da zuwa.

Wata la'asar maza na zaune a dakalin masallaci suna shan gahawa, amalanken Pandu ya zo wucewa, Miza na biye a baya da kwando a ka. Wani mai neman magana ya zunguri Kombo.

"Ga gonar da ka bari can, wani ya shuka har ya girbe."

"Wace gona na bari?" in ji Kombo. "Ai na mayar da abata tun a dago, ranar Babbar Sallah. Ku tambayi Mcha, ga shi nan zaune."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Don ya rama tsiya ya faɗa, ba don wani abu ba. Amma Shehe Hatibu bai yi dariya ba. Ya ajiye ɗan kofinsa a hankali ya ce, "Maimaita abin da ka ce." Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Ga yadda abin ya kasance. Ranar Babbar Sallah ta waccan shekarar, a bukkar dago, mazan sun dafa shinkafa ta ƙone a ƙasa ta ƙi nuna a sama. Kombo ya kai loma, ya tofar, ya ce da Miza ce da ba haka ba, sannan ya ɗaga hannu ya ce, "Ku shaida, na mayar da matata." Mcha na wurin, da wani Vuai. Kombo ya ce wa Mcha in ya koma gida ya faɗa mata. Mcha ya koma ya tarar da uwarsa a kwance, abin ya shige masa. Da ya tuna, ya ce a ransa ai yunwa ce ta sa Kombo sambatu. Da aka sa ranar auren Pandu kuwa, sai kunya ta kama shi, ya ga in ya yi magana yanzu za a ce me ya hana shi tun da. Sai ya ja bakinsa ya je ya ci shinkafa. Ni har yau in na ga mutumin nan yana alwala sai raina ya ɓaci.

Liman ya ce wannan ta fi ƙarfin dakali, sai alƙali. Kafin ranar zama aka ce Miza ta koma ɗakin Bi Tatu tukuna. Ta ɗauki zane biyu kawai, don a ganinta kwana nawa ne.

A motar zuwa birni Bi Tatu ta matso kusa da kunnenta. Tsohuwar ta sha zaman kotu a rayuwarta, aure huɗu ta yi.

"Ki saurare ni da kyau. Shaidu sun ce ranar Babbar Sallah. In iddarki ta cika kafin ranar, komensa iska ne. Za a tambaye ki yaushe jini na ukun ya zo. Ki ce kafin Sallah. Wa ya gani? Wa ya rubuta? Shekara tara. Ni zan ce haka ne, a ɗakina kika yi."

Miza tana ta kallon itatuwan kanumfari suna wucewa ta taga.

Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya, ya gaji da ganin irinsu amma bai daina jin tausayi ba. Ya saurari Kombo, wanda yanzu ya ga idon jama'a a kansa ya ƙi janyewa. Ya saurari Mcha da Vuai, suka rantse kansu a sunkuye. Ya ce kome ba ya bukatar yardar mace, ba ya ma bukatar saninta, muddin an furta shi tana cikin idda. Sannan ya sa aka ajiye Alƙur'ani a gaban Miza.

"'Yata, saura abu ɗaya, kuma ke kaɗai kika san shi a duniya. Yaushe iddarki ta cika?"

Bi Tatu ta mintsine ta a cinya.

"Shekarun da yawa," alƙali ya ƙara, yana duban takardunsa, ba ita ba. "Mutum kan manta. Ki yi tunani, ba sauri muke ba. Kafin Sallah ne, ko bayanta?"

Duk wanda ke ɗakin ya gane ƙofar da dattijon ya buɗe. Pandu ma ya gane, yana can a bencin baya da hularsa a hannu. Miza ta dubi littafin da ke gabanta.

"Na yi sallar idi da tsarkina," ta ce. "Kwana shida bayan Sallah ya zo, ranar da ruwa ya yi babban janyewa. Ina tsaye cikin laka."

Alƙali ya cire tabaransa ya daɗe yana gogewa. Sannan ya yanke. Kome ya inganta, Miza matar Kombo ce, auren Pandu bai ɗauru ba tun farko. Ba zunubi a kan kowa tunda ba da sani aka yi ba, Riziki kuma 'yar Pandu ce halak malak. Ya juya kan Kombo.

"Kai kuma, malam, kalma ɗaya ce a bakinka. Ka faɗe ta yanzu a gabana, baiwar Allah ta yi idda ta koma gidan 'yarta."

Kombo ya dubi mutanen ƙauyen da suka cika ƙofa.

"Zan yi tunani," ya ce.

A hanyar komawa Bi Tatu ta yi ta faɗa har muryarta ta dishe. Wace irin zuciya ce wannan, wa aka taɓa ba lada don ya rusa gidansa da hannunsa, ga alƙali da kansa ya shimfiɗa miki tabarma kin ƙi zama. Da ta gaji ta ce, "Ni dai faɗa mini, me ya sa?"

"Ranar aka tambaye ni," in ji Miza.

Ba ta yi kuka ba a motar, ba ta yi ba da suka isa. Ta jira kukan ya zo kamar yadda ake jiran baƙo, ya ƙi zuwa. Abin da ta ji kawai shi ne kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta, sai dai wannan duk jikin ne, har ciki. Washegari ta tafi teku.

Tunanin Kombo shekara takwas ya ɗauka. Ba abin da ba a gwada ba. Aka nemi hul'i, ta mayar masa da sadakinsa ya sake ta. Sadakin gado ne da akwati, Pandu da kansa ya ɗora su a amalanke ya kai ƙofar Kombo, Kombo ya bar su a waje damina ta cinye, ya ce shi bai karɓa ba. Aka koma gun alƙali a raba auren saboda rashin ci da sha, aka ce ta fara komawa ɗakinsa, in ya kasa riƙe ta sai ta dawo da ƙara, don matar da ta ƙi ɗakin miji ba ta da bakin cewa ba a ciyar da ita. Miza ta ce ba za ta kwana ƙarƙashin rufinsa ba ko da dare ɗaya. Dattawa suka je, liman ya je har sau uku, yana jin nauyin abin da ya tono. Kombo ya ba su gahawa, ya ba su labarin manyan jirage, ya raka su ƙofa.

Kuma fa ba son ta yake ba. A shekara ta biyu ya aika aka kawo masa matarsa ta Kenya da 'ya'ya uku, ya zauna abinsa. Wannan auren ba wanda ya ce bai ɗauru ba, ai shi namiji ne, ƙofa huɗu gare shi. Duk Juma'a sai ya aika wa Miza kifi biyu don kada a ce ba ya ciyarwa, Bi Tatu ta jefa wa kyanwoyi, har kyanwoyin unguwar suka san Juma'a. Kowa ya san dalilin ƙinsa. Ido ya tafi, jirgi ba nasa ba, ba wanda ke sauraron labaransa kuma. Abin da ya rage masa da ake zuwa roƙo a ƙofarsa shi ne kalmar nan ɗaya, in ya faɗe ta ya zama ba kowa ba.

Pandu kuwa yayyensa mata suka taso shi gaba ya yi aure. Ga zawarawa, ga 'yan mata, kai ba abin da ya ɗaure ka. Ya ce Minista ya tsufa, ba zai iya jan kayan amarya ba. Da Minista ya mutu ya sayi wani san suka dawo da maganar, ya ce wannan kuma yaro ne, bai saba ba. Suka gaji suka bar shi.

Kullum Miza da Pandu suna ganin juna, wannan shi ne abin. Ƙauyen hanya ɗaya gare shi. Yana ɗaukar buhunanta kamar na kowace mace, a gaban kowace mace.

"Bi Miza, an yini lafiya?"

"Lafiya lau. An gaishe ka da aiki."

In ba kowa kusa sosai, ya kan ƙara, ƙasa-ƙasa, yana gyara igiyar sa, "Kin ci?" Ta ce ta ci. Riziki ta tashi tsakanin gida biyu, kwana nan, yini can, ta girma ta saba kamar yadda ake saba wa yoyon ɗaki. Ƙibar Miza ta zube. Ba ta ciwo, ba ta fushi, ba ta zuwa biki sai dole. Mata suka ce zuciyarta ta bushe, ita ma da za a tambaye ta haka za ta ce. Ko Kombo ba ta iya tsana ba. In ta hango shi yana lalube da sanda, sai ta ji kamar ta ga kututturen kwakwa a gefen hanya.

Ranar wata Talata tana cikin ruwa har gwiwa tana ɗaura ciyawa aka zo aka ce Kombo ya faɗi a ƙofar masallaci, kafin a ɗaga shi rai ya yi halinsa. Ta ce inna lillahi, ta ƙarasa layin da take ɗaurawa, don ruwa na dawowa.

Da yamma Shehe Hatibu ya zo ƙofar Bi Tatu, ya tsufa sosai, ya yi magana ta bayan labule. Miza matar mamaci ce, takaba ta hau kanta, wata huɗu da kwana goma. Mutumin da ta shekara goma sha bakwai ba ta dafa wa ruwan zafi ba. Bi Tatu ta buɗe baki za ta yi ashar, sai liman ya ƙara da cewa ranar da ta fita, washegari shi da kansa zai ɗaura mata aure da Pandu, in Allah ya kai mu.

Takabar garinmu ba wasa ba ce. Aka juya madubi ya fuskanci bango. Ba kwalli, ba man kwakwa, ba turare, zane baƙi guda. Ba ta leƙa ƙofa, namiji ba ya jin muryarta. Miza ta shiga ɗakin nan ba gardama, ta zauna a tabarma tana tsinkar ganyen rogo. Labari na zuwa mata ta bakin Bi Tatu. Pandu ya sauke jinkar gidansa yana sabuwa. Pandu ya yi wa ɗaki farar ƙasa. Pandu ya je Wete ya sayo kanga, zannuwan nan masu rubutu a gefe, har turmi biyu, mai kanti na yi masa tsiya wai ango da furfura.

A wata na uku wani abu ya motsa a ƙirjin Miza, karo na farko cikin shekara takwas. Ta ɗauka murna ce, da ta saurara sai ta ji ya fi kama da tsoro. Ta kan ajiye aikin hannunta ta yi shiru, tana jin ƙarar ƙafar amalanke a hanyar bayan gida tun daga nesa har ya wuce.

Saura kwana goma sha biyu, amalanke bai wuce ba. Da hantsi Bi Tatu ta shigo ta zauna ba sallama. Pandu ya kwana da ciwon ciki, amai ba tsayawa, an ɗora shi a amalankensa an kai bakin titi, mota ta wuce da shi asibiti, Riziki na tare da shi.

Miza ta miƙe ta jawo mayafi.

"Ina za ki?"

"Asibiti."

Tsohuwar ta tare ƙofa da jikinta, ɗan abin da ya rage na jikin.

"Shekara takwas kin jure, kwana goma sha biyu ne zai gagare ki? Kin san garin nan. Ki taka waje yau, gobe wani ya tashi a dakali ya ce takaba ta ɓaci, a sake daga farko, ko a ce auren bai ɗauru ba. Sau ɗaya baki ya rushe miki gida, za ki ba su na biyu? Ciwon ciki ne, zai tashi. Ki zauna ki fita da tsabta, kada kowa ya sami abin faɗa."

Miza ta daɗe a tsaye da mayafin a hannu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ta koma ta zauna. Daga baya liman ya ce da an tambaye shi da ya faɗa musu fita ba ta sa a sake takaba, amma ba wanda ya tambaye shi.

Kwana uku Pandu ya yi. Aka kawo shi bayan azahar, aka yi masa wanka a ɗakin da ya yi wa farar ƙasa. Hanyar maƙabarta ita ce ta bayan gidan Bi Tatu. Miza na zaune ta ji takun silifas da yawa, da muryoyin maza ƙasa-ƙasa suna kalmar shahada, suna karɓa-karɓar makara. Bango ɗaya ne tsakaninsu. Ta ɗora tafin hannunta a kan bangon, ta ji shi da ɗumin rana, ta sauke. Abin nan da ya motsa a ƙirjinta ya koma ya kwanta.

Mata suka zo gaisuwa washegari, don Riziki ta dawo ɗakin uwarta. Suka rungume yarinyar, suka ce Allah ya ji ƙan babanki, Allah ya ba ki haƙuri. Da suka juyo kan Miza sai baki ya ɗaure, ba wadda ta san me ake cewa. Wata ta ce, "Sannu da zama." Sauran suka bi ta.

Kwanakin suka cika. Ranar fita, bayan sallar asuba, tsofaffin mata suka zo suka raka ta teku kamar yadda aka saba. Suka cire mata baƙin zane, suka tsoma ta cikin ruwa, suka cuɗa mata baya, suka wanke mata kai. Aka ɗaura mata sabon kanga, Bi Tatu ta rangaɗa mata kwalli.

"Kin fita, Miza. Yau ba haƙƙin kowa a kanki."

Suka dawo gida. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, an ɗora gahawa, maƙwabta sun fara taruwa. Miza ta wuce su ta shiga ɗaki. Da ta daɗe ba ta fito ba Bi Tatu ta bi ta, ta tarar ta goge kwallin, ta cire sabon zanen ta ninke, ta mayar da baƙin nan jiƙaƙƙe a jikinta, tana zaune a tabarma a inda ta saba.

"Me kike yi haka?"

"Zan fara."

"Ki fara me?"

"Wata huɗu da kwana goma."

"Na wa?"

Miza ta dube ta. Bi Tatu ta lallaɓa ta zauna kusa da ita, gwiwoyinta na ƙara. Ba faɗa a muryarta wannan karon.

"Ba a yi, 'yata. Miji ake yi wa, ke kuwa ba matarsa ba ce. Kwana uku shari'a ta ba ki, irin na maƙwabci. Su ma sun wuce tun kina cikin na Kombo."

Miza ta yi lissafi, ta ga haka ne, sun wuce da kwana shida... a'a, ta sake ƙirgawa daga ranar da aka binne shi, ta tsaya, ta bar ƙirgar. Ta miƙe, ta kwance baƙin zanen, ta matse ruwansa a bakin ƙofa ta rataye. Ta ɗaura sabon. Ta miƙa fuskarta, tsohuwar ta sake sa mata kwalli.

Sannan ta fita tsakar gida, inda mata ke jira su yi mata barka.